Kofaton barewa a Amurka da ɗingishin tumakinmu a damana

'Yan'uwana makiyaya da membobin ƙungiyoyi, yau labarin daga nesa na ɗauko shi, amma duk wanda ya taɓa ɗaga ƙafar tunkiya a watan Agusta ya ji warin da ke fitowa daga tsagar kofato zai gane shi tun ban kai rabi ba.

A arewa maso yammacin Amurka akwai jaha mai suna Washinton. Ba babban birnin da muke ji a rediyo ba ne, wannan jaha ce ta dazuzzuka a bakin teku, inda ruwan da ke sauka a shekara ya ninka na Maradi sau biyu, a wasu wurare sau uku ko fiye. A dajin can akwai wata babbar barewa da suke kira elk. Na ce barewa don ita ce kalmar da muke da ita, amma ba irin ta Gadabeji ko ta Tarmit ba ce. Namijin yakan wuce kilo 300, kamar bijimi, ƙahonsa mai rassa ne kamar itace, kuma kowace shekara yakan zubar da shi wani ya fito. Abin da ya haɗa ta da bisashenmu shi ne tana tuƙa, kuma kofatonta a tsage yake gida biyu, daidai da na saniya, tunkiya da akuya.

Tun ƙarshen shekarun 1990 maharba suka fara ganin elk ɗai-ɗai masu ɗingishi a kudu maso yammacin jahar. A 2008 abin ya yi tsalle. Wajen dutsen St. Helens da kwarin kogin Cowlitz aka riƙa ganin garke guda da yawansu suna jan ƙafa. Kofaton wasu ya yi tsawo ya lanƙwashe sama, na wasu ya karkace ya hau kan ɗan'uwansa, na wasu ya tsage. A mataki na ƙarshe ɓawon kofaton yakan cire gaba ɗaya, dabbar ta koma taka tsoka da ƙashi. Galibi ƙafafun baya ne. Dabbar da ta kai wannan hali ba ta iya bin garke zuwa kiwo, sai ta rame, sanyin hunturu ko namun daji su ƙarasa ta.

An yi shekaru ana gardama kan dalili. Mutanen yankin da yawa sun zargi maganin kashe ciyawa da ake fesawa a dazuzzukan katako. Wasu suka ce ƙarancin sinadaran ƙasa ne, irin su jan ƙarfe da seleniyom, waɗanda dama ba su wadata a ƙasar yankin ba. Sai a 2014 binciken ɗakunan gwaji ya tsaya kan wata ƙwayar cuta, bakteriya mai suna Tireponema, siririya a murɗe kamar igiya, wadda ba ta son iska, ta fi jin daɗi inda akwai laima da taɓo. Abin da ya ɗaga hankalin likitoci shi ne ba baƙuwa ba ce. Dangin wannan ƙwaya ne ke sa wani gyambo a dugadugan shanun madara, wanda aka fara bayyanawa a Italiya a 1974, su ne kuma ake samu a wani mugun ciwon kofaton tumaki da ya bayyana a Ingila a 1997. Wato ciwon da aka sani a garken gida ne aka iske a daji.

A 2017 majalisar jahar ta ɗora wa makarantar likitocin dabbobi ta Jami'ar Jahar Washinton jagorancin binciken, shekara guda bayan nan aka ɗauko likita Margaret Wild ta riƙe aikin. Cikin abin da suka gano akwai ɗaya da nake so kowane makiyayi ya riƙe. Sun ajiye lafiyayyun elk a killace, suka cuɗa ƙasa da kofatan da suka kamu, suka sa ƙafafun lafiyayyun nan suna haɗuwa da ita. Suka kamu. Waɗanda ba a sa wa wannan ƙasa ba, ba su kamu ba. Ba sai dabba ta taɓa dabba ba ke nan: ƙasar da mai ciwo ta taka ta isa. Sun kuma lura cewa mazan da ke da ciwon kofato sun fi fitar da ƙaho marar daidaito, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya. Ciwon ƙafa yake, amma jiki duka ke biya.

To me za a yi wa barewar daji mai ciwon kofato? Mu idan tunkiya ta yi ɗingishi sai mu kama ta, mu wanke, mu yi allura, mu ɗaure ta a tudu. Elk ba ta kamuwa cikin sauƙi, sau da yawa sai da allurar barci da ake harbawa daga nesa, wani lokaci daga jirgi mai saukar ungulu, kuma ko an yi mata magani sau ɗaya, gobe za ta koma cikin taɓon da ta fito. Babu allurar rigakafi. Abin da ya rage a hannun hukumar namun daji shi ne bindiga.

Sun yi amfani da ita ta hanyoyi daban-daban. Da farko ma'aikata kan kashe wadda ciwo ya ci ƙarfinta, don a hutar da ita. Aka kafa doka a wasu yankuna cewa maharbin da ya kashe elk ya yanke kofatan ya bar su a wurin, kada ya kai cutar wani daji a bayan mota. A 2018 aka ga ciwon karon farko a gabashin duwatsun Cascade, a kwarin Trout Lake, sai hukumar ta yanke shawarar harbe masu ɗingishi har zuwa 20 a wurin, da fatan a kashe wutar tun tana ƙarama. A 2021 suka sauya dabara: maharbin da ya zaɓi mai lalataccen kofato ya kashe, ya kawo kofatan aka tabbatar, sai a sa sunansa cikin ƙuri'ar samun takardar farauta ta musamman. Dama maharbi lafiyayya mai ƙiba yake nema, ya bar gurguwa tana yawo, don haka aka nemi a juya masa sha'awa.

Duk da haka cutar ba ta tsaya a Washinton ba. An tabbatar da ita a Oregon, a ƙarshen 2018 a Aidaho, a 2020 a arewacin Kalifoniya. Ni a ganina harbin ba banza ba ne, yana rage ƙafafun da ke zuba ƙwayar cuta a ƙasa, yana kuma rage wahalar dabba. Sai dai maharbi wadda ke ɗingishi kawai yake gani. Wadda ciwon ke farawa mata, ɗan jan wuri ne a tsakanin yatsu, tana tafiya garau, tana shuka cutar a kowace mashaya. Bindiga ba ta ganinta, kuma bindiga ba ta busar da fadama.

Akwai wani abu da maharban Amurka kan ruɗe a kansa, kuma mu ma muna ruɗewa. Ba kowane lalataccen kofato ne wannan cuta ba. Ƙaramar barewarsu mai farin wutsiya tana fama da wani zazzaɓin zubar jini da ƙwayar birus ke kawowa, ɗan'uwan ciwon da ke sa harshen tumaki ya yi shuɗi. Wasu ƙananan ƙwari masu cizo, waɗanda ba su kai sauro ba, su ke ɗaukarsa, suna hayayyafa a taɓon bakin tabki idan ruwa ya ja baya a ƙarshen lokacin zafi. Barewar da ta tsira, zazzaɓin yakan tsayar da girman kofatonta na ɗan lokaci, sai daga baya a ga zobe ko tsaga a kwance, wani lokaci ƙarshen kofaton ya ɓalle. Kashe irin wannan asara ce tsantsa: ta warke, ba ta ba kowa ciwo, ita ce ma mai garkuwa a garken. Akwai kuma wadda kofatonta ke yin tsawo ya murɗe kamar tsohon takalmi don ta cika ciki da masarar da maharba ke zuba mata don su jawo ta kusa. Wannan ba ƙwayar cuta ba ce sam, abinci ne. Daga nesa duka ukun gurguwar barewa ce mai mummunan kofato. Wanda bai ɗaga ƙafar ya duba ba, hukunci ɗaya zai yanke musu.

Na masarar nan shi na fi gani a aikina, wajen masu kiwon turka. Wata biyu ko uku kafin Sallar Layya a sayo Balami ko Uda da ya saba da ciyawa da harawa, ran farko a cika masa tasa da dusa, dawa da ragowar tuwo, don a ga ya yi saurin cika. Tumbinsa bai saba ba, sai abincin ya yi tsami a ciki, tsamin ya taɓa ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da kofato. Rago ya fara tsayawa kamar mai taka garwashi, yana sauya ƙafa, ya fi son kwanciya, wani har ya ci abinci a durƙushe. Ka taɓa kofatan ka ji zafi, sau da yawa duka huɗun, amma babu wari, babu gyambo. Bayan makonni sai zobba su fito a jikin kofaton, ya yi ta tsawo, tunda a turke yake babu tafiyar da za ta goge shi. Mai shi ya zo neman allura. Allurar kashe ƙwayoyin cuta ba abin da za ta yi a nan. A rage hatsi, a mayar da shi kan ciyawa da harawa, a ba shi maganin rage zafi, sannan a riƙa ƙara dusar kaɗan-kaɗan cikin mako biyu zuwa uku. A wannan hali gyaran kofato da wuƙa yana da amfani, don ƙahon lafiyayye ne, tsawo kawai ya yi.

Na damana kuwa dabam yake, kuma shi ne ɗan'uwan abin da ke cin elk. Mu ba mu da ruwan Washinton, amma muna da wata biyu zuwa uku da Gulbin Maradi, fadamun Korama da Majiya ke zama taɓo, muna kuma da laka da muke yi da hannunmu duk shekara: gindin rijiya da famfo inda ruwan komi ke kwarara, da garken da ba a kwashe taki ba har ya haɗu da fitsari ya zama kunu. Ƙafa idan ta daɗe a jiƙe, fatar tsakanin yatsu takan yi laushi ta tsage. Wata ƙwayar cuta da ke cikin kashin dabbobi koyaushe sai ta shiga, wurin ya yi ja, ya yi danshi. Idan a garken akwai mai ɗauke da ƙwaya ta biyu, wadda ke cin ƙahon kofato, sai ta bi ta wannan ƙofa, ta yi ta raba ɓawo da tsoka daga dugadugi zuwa gaba. Nan ne warin ke fitowa, wanda in ka ji shi sau ɗaya ba ka mantawa. Wannan ƙwaya ta biyu ba ta daɗewa a ƙasa, mako biyu ya yi mata yawa, musamman a ranarmu. Gidanta na gaskiya shi ne ƙafar dabbar da ba ta warke sarai ba. Nan take ɓuya duk rani, ruwan farko ya tashe ta.

Don haka abin da nake roƙo shi ne a duba ƙafa tun ranar farko ko ta biyu da aka ga ɗingishi. A zaunar da dabbar kan ɗuwawunta, a wanke ƙafar da ruwa da sabulu, a buɗe tsagar a haske. Sau da yawa abin mai sauƙi ne: ƙayar aduwa, tsidau, ƙarangiya da ta cushe, busasshiyar laka da ta zama dutse a tsakanin yatsu, ko kaska da ta maƙale a wurin ta bar ƙurji. Dabba ɗaya, ƙafa ɗaya, babu wari, to a fara neman waɗannan. Idan kuwa dabbobi da yawa ne suka fara ɗingishi cikin kwana biyu ko uku, shanu na dalalar da yawu, akwai ƙuraje a baki da harshe, wannan boru ne. Kada a kai kasuwa, kada a kai rijiyar jama'a, a sanar da ma'aikatar kiwo ko likitan SVPP mafi kusa a ranar, don a ɗauki abin gwaji zuwa LABOCEL. Boru ma yakan bar kofato a lalace, wani har ya cire.

Idan ruɓewa ce mai wari, maganin da ya fi aiki shi ne allurar oksitetirasikilin mai daɗewa a jiki, ta kashi 20 cikin ɗari, mililita 1 ga kowane kilo 10 na nauyin dabba, a tsoka, tare da feshin maganin a kan wurin bayan an wanke. A sayo wajen likita ko mataimakinsa. Kwalbar da ta yi wata tana shan rana a kan tabarmar kasuwa, ba wanda zai iya ce maka me ya rage a cikinta. A auna nauyi da gaskiya, domin rabin allura ba ya kashe ƙwayar, koya mata jurewa yake. Wani abu kuma da zai ba wasu dattawanmu mamaki: kada a fere ruɓaɓɓen kofato har ya yi jini. Binciken da aka yi kan tumaki a Ingila ya nuna waɗanda aka yi wa allura ba tare da yanka ba sun fi saurin warkewa a kan waɗanda aka fere. Wuƙa tana buɗe sabon rauni, tana kuma ɗaukar cutar zuwa ƙafa ta gaba. Baƙin man mota da ruwan batir da ake zubawa, ƙona tsokar kawai suke, ɗingishin ya ƙaru.

In an yi amfani da wuƙa, a tsoma ta cikin ruwan jabel kafin a taɓa wata dabba, a tattara ɓawon da aka yanke a ƙone ko a binne. Dalilin da ya sa aka hana maharban Washinton yawo da kofato shi ne dalilin da ya sa bai kamata a bar wannan a tsakar garke ba. Ƙungiyar da ke da hali tana iya gina ɗan kwamin siminti na wankin ƙafa, a narka kilo 1 na zinki salfet cikin lita 10 na ruwa, dabbobi su tsaya a ciki mintoci kaɗan, su fito kan busasshen wuri. Idan shuɗin maganin jan ƙarfe aka samu maimakonsa, a kula sosai kada tumaki su sha, guba ne gare su. Amma kafin a kashe ko dala a kan wannan, a fara da abin da ba ya cin kuɗi: a kwashe taki, a mayar da makwanci kan tudu, a zuba tsakuwa ko yashi a gindin komi, a haƙa wa ruwan da ke zuba hanya.

Yanzu maganar da ta fi wuya, wadda ita ce ta sa na ɗauko labarin elk. Akwai tunkiyar da za a yi wa magani daidai, ta warke, ta koma, a sake, ta koma. Kofatonta ya riga ya karkace, yana da ramukan da magani ba ya kaiwa. Makiyayan Ingila ƙa'idarsu ita ce wadda ta gurgunce sau biyu ko uku a lokaci ɗaya duk da magani, a fitar da ita daga garke. Na yarda da wannan ƙa'ida, kuma na san nauyinta a wurinmu ba ɗaya ba ne. Mai tumaki 500 ya rasa biyar bai ji ba. Matar da ke da awaki huɗu, ɗaya daga ciki ce gurguwar, kuma ita ce mai yawan nono, ka ce mata ta rabu da ita, ka taɓa kokon yaranta. Ba wanda zai biya ta diyya. Ba na zuwa gidan mutum in ce masa dole. Abin da nake yi shi ne lissafi tare da shi: allura nawa aka saya mata bara da bana, nawa ta sa aka saya wa sauran, sau nawa ta kasa bin garke aka bar yaro yana tsaronta, kuma in rago ne, tumaki nawa suka wuce bai hau ba don ƙafar baya ba ta ɗaukarsa. Galibi mai dabbar da kansa ke ƙarasa lissafin.

Mu muna da abin da hukumar Washinton ba ta da shi. Su harbi suke daga nesa, kan abin da ido ya hango. Mu mun san kowace dabba da sunanta da uwarta, mun riƙe ƙafarta a hannu, mun san sau nawa ta kwanta. Igiya ja a wuya ko alama a kunne duk lokacin da aka yi wa dabba maganin ƙafa ta isa ta nuna, kafin kaka, wace ce ke riƙe da cutar a garken. Sau da yawa ba su wuce biyu ko uku ba.

Fitarwar kuma tana da hanya. A jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar maganin su cika, a ɗan kiwata ta a keɓe a busasshen wuri, a kai wa mahauci ko a yanka a gida. Naman lafiya lau yake, ƙafar da ta ruɓe kawai za a zubar. Abin da ba daidai ba shi ne a jira rani ya busar da ƙafar, ɗingishi ya ɓoye, a kai ta kasuwa a sayar wa mai neman uwar garke. Shi ya sa duk dabbar da ka sayo, daga Sabon Mashi ne ko Tunfafi ko Abalak, ka ɗaga ƙafafunta huɗu kafin ka biya dillali, in ka kawo gida kuma ka ɗaure ta dabam mako uku zuwa huɗu kafin ta shiga cikin sauran.

Ga ƙungiyoyin da ke yin habbanaye, wannan ya fi shafar ku. Akuyar da ke zagayawa daga gida zuwa gida, in tana ɗauke da ruɓewar kofato, kowace mace da ta karɓe ta ta karɓi cutar tare da ita, kuma galibi mai karɓar ita ce wadda ba ta da kuɗin allura. Ina ba kwamitoci shawara su sa duba ƙafa cikin sharuɗɗan miƙawa, a gaban mai bayarwa da mai karɓa da mataimakin likita, a rubuta a littafin ƙungiya. Wadda aka samu da tarihin komawa, ƙungiya ta sayar wa mahauci ta cika kuɗin daga asusu ta sayo wata, kada nauyin ya faɗa kan mace ɗaya. Lokacin da ya fi dacewa a yi wannan zama shi ne watan Mayu, ƙasa na bushe, kafin garkunan da za su hau arewa su kama burtali.